Giginyar da Bature Ya Matsar

Tun da na dawo Dogon Dutsi ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zo fada sai ya ja benci ya ce, "Mushe Ila, yaya Gaya? Yaya Baturenka? Yaushe biki?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in huta. Tambayar biki kuwa, wanda ya kai ƙarshe ba zai sake yi mini ita ba in dai yana da tausayi.

Ga wanda bai sani ba, ni malamin Ingilishi ne a kwaleji, shi ya sa ake ce mini Mushe, kamar kowane malamin boko a nan. Akwai yarinyar da nake nema, Ramatu, wadda na fara gani a gidan gwaggonta a nan garin, tana tankaɗe, gari ya ɗan taɓa mata gira, ni kuwa tun ranar ban sake zama daidai ba. Gidansu yana wani ƙauye kusa da Bana, cikin ƙasar Gaya. Manya sun shiga maganar, saura mahaifinta Malam Hassumi ya sa rana. Shi kuma ya ce yana so ya ga wane irin mutum ne ni tukuna.

Ana cikin haka, lokacin bakans da aka rufe makarantu, wani abokina mai aikin raka baƙi a Yamai ya kira ni. Ya ce akwai wani Baturen Ingila mai zane da zai hauro daga Kwatano, yana son mai fassara, shi kuma matarsa ta haihu ba zai iya zuwa ba. Da na ji inda Baturen yake son zuwa, sai na ce lallai Allah ne ya rubuta. Zan shiga garin surukaina da Bature a bayana, ina juya Turanci, Ramatu tana leƙe ta katanga. Har na ga yadda mai zanen zai gan ta, buroshi ya faɗi daga hannunsa, ya roƙe ni izinin zana fuskarta.

A littattafan da na tashi da su, idan saurayi ya kama hanyar garin masoyiyarsa, iska mai sanyi ke raka shi. Ni rago ne ya raka ni. An cusa shi ƙarƙashin kujerata tun daga tasha, kuma kafin mu kai Doso ya cinye gefen farar shaddar da na ɗinka musamman. Mai ragon ya dubi ɓarnar ya ce, "Ka yi sa'a, Mushe, ba kowane yadi yake ci ba." Na yi masa godiya da wannan girmamawa.

Daga Doso zuwa Gaya ƙasa ta fara canja kama. Mu da muka saba da jan dutse da ƙaya, sai ga itatuwa sun yi duhu, ga ruwa kwance a gefen hanya ba mai tsaronsa. Kamyo kuwa, manyan motocin kaya, layi-layi, direbobinsu sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashi suna dafa abinci kamar waɗanda aka haifa a nan. Wata ƴar kasuwa da ke kusa da ni ta tambaye ni abin da zai kai ni. Na ce zan taryo mai zane. Ta ce, "Na lalle ko na gini?" Na ce na daji. Ta matsar da jakarta nesa da ni.

Na ƙetara kogi zuwa Malanbil, inda muka yi zai jira ni. A raina na riga na gama siffanta shi: dogo, gashi har kafaɗa, idanu masu ɗauke da baƙin cikin wata mace da ta tafi ta bar shi. Abin da na tarar a bakin kasuwa shi ne wani gajeren tsoho, ja wur kamar tattasai, da gajeren wando, da safa cikin takalmin soso, yana tsaye ya ɗaga kai sama baki buɗe. Ƴan kabu-kabu sai kauce masa suke yi suna zaginsa da yare uku. Na gaishe shi da Turancin da na kwana ina gogewa. Bai dube ni ba. Ya nuna sama ya ce, "Dubi wancan gajimaren. Ka taɓa ganin irinsa?"

Na ce na gani, ranka ya daɗe, kowace damina.

Sunansa Edmund. Kafin mu bar kasuwa masu doya sun raɗa masa Mai Kallon Sama, kuma sunan ya riga mu isa Gaya.

A bakin iyaka wani ɗan duwan mai binciken kaya ya buɗe akwatinsa ya ga ƙananan robobi birjik. Ya matsa ɗaya, shuɗi ya fito. Ya shinshina ya ce, "Wannan maganin mene ne?" Na ce fenti ne. Ya jawo fararen ƙyallayen da aka ɗaure a jikin katako, ya juya gaba ya juya baya.

"Waɗannan fa?"

"Tablo ne."

"Tablon me? Ba na ganin kome."

"Ba a zana ba tukuna."

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga tablon da ba a zana ba. Suka daɗe suna kallo. Daga nan ya gyara hula, ya fito da ƙirji, ya ce to Bature ya fara da shi. Na fassara. Edmund ya ce in ba shi haƙuri, shi ba ya zana mutane. Ƙasa yake zanawa, da ruwa, da itace, da sama. Na ce wa kaina ai bai ga Ramatu ba tukuna.

Masaukinmu a Gaya wani gida ne da aka rubuta masa suna mai daɗi a ƙofa. Mai gidan ya rantse mana akwai bantilata, wato fanka, a kowane ɗaki, kuma gaskiya ya faɗa, akwai. Kuran, wutar da za ta juya ta, shi ne kawai bai yi mana alkawari ba. Sauron garin kuwa ba irin namu ba ne mai zuwa a ɓoye. Na Gaya sallama yake yi.

Abinci dai ba zan yi musu ƙarya ba, sun fi mu. Kifi a miya, kifi a soye, kifi a banda, har na fara jin kunyar tuwon gidanmu. Ga sakwara da suka koya daga maƙwabta, ga muruci ana sayarwa tuli-tuli. Edmund ya ci murucin nan ya ce yana da ɗanɗanon ƙasa bayan ruwan sama, ya ƙara. Mai abincin ta ce in tambaye shi ko a garinsu ƙasa suke ci.

A wurin cin abincin ne na jawo shi da hira, don ina so in ji macen da ta mayar da shi haka. Ya ce an haife shi a arewacin ƙasarsu, inda tumaki suka fi mutane yawa, ruwa kuma yana zuba ba damina ba rani. Mahaifinsa maginin katangar dutse ne, irin wadda ke raba makiyayar wani da ta wani. Shi kuwa tun yana ƙarami in an aike shi ya kai wa uban abinci, sai a same shi zaune yana zana tudu a bayan takardar burodi. Ya tafi makarantar zane a babban birni. Abokan karatunsa suka riƙa yin abubuwan da ba mai gane gabansu da bayansu, suka yi suna. Shi ya nace wa tuddai, malamai suka ce an haife shi a makare. Ya koma koyar da yara zane shekara da shekaru, yana fita daji da laima ranar hutu. Nuninsa na farko, in ji shi, mutum ɗaya ya ɗauki tablo, shi ma mai cire masa haƙori ne. Sai da gashinsa ya yi fari mutanen birni suka gaji da abin da ba su ganewa, suka tuna akwai wani tsoho mai zana ruwan sama. Yanzu zanensa yana rataye a manyan ɗakuna inda ake shiga ana magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki.

Na ce, "To ita fa? Wadda ta karya maka zuciya?"

Ya ce, "Wa?"

"Matar da ta sa ka daina zana fuska."

Ya ce matarsa tana gida lafiya lau, tana kiwon zuma, kuma ita ta haɗa masa kaya tana murna za ta samu sarari. Fuska kuwa ya daina zanawa ne don hanci yana ba shi wahala.

Ban taɓa jin labarin rayuwa da aka ɓata irin wannan ba.

Da ya ce yana son wuri mai giginya da fadama, na ce na san wurin. Muka hau kabu-kabu biyu, tablo a bayana kamar filafilan jirgi, muka nufi ƙauyen su Ramatu. Malam Hassumi ya tarbe mu da kyau. Dogon mutum ne mai ƙaramin gemu, Hausarsa da ɗan gishirin Dandanci. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Ramatu ce ta kawo, ta durƙusa, ta ajiye. Na zuba wa Edmund ido ina jiran buroshi ya faɗi. Yana can yana kallon inuwar rumbu.

Washegari ya hau wani tudu da ke bayan gari ya kafa sandunansa na jingina tablo. Tudun nan yana nan tun zamanin kakanni, amma ba wanda ya taɓa hawansa don kallo kawai, sai mai neman akuya. Daga can ana ganin fadamar shinkafa shimfiɗe, kore shar, da wata giginya guda tsaye a tsakiya. Edmund ya miƙa hannu, ya riƙe buroshi a tsaye, ya rufe ido ɗaya, yana matsar da babban yatsa sama da ƙasa. Haka masu zane ke gwada tsawon abu. Mutanen gari kuma sun san mutum iri ɗaya da ke rufe ido ɗaya yana auna gona: ma'aikacin gwamnati mai shata iyaka.

Kafin azahar Malam Hassumi ya kira ni gefe.

"Mushe, ashe abin da ka kawo mini ke nan ka yi shiru?"

"Me fa, Baba?"

Sai ya warware mini. Gonar da ke dama da giginyar tasa ce, ta hagu ta ƙanensa ce Malam Tahiru, wanda suke uba ɗaya. Tun rabon gado iyakarsu ta tashi daga gindin giginyar ta miƙe zuwa wani tsohon suri. Shekara da shekaru Tahiru yana yawo a gari yana cewa yayansa na ci masa gona. An je gaban mai gari, an dawo, ba a gama ba.

Na ce, "Baba, wannan zane ne kawai, ba na gwamnati ba ne."

Ya ce, "Ya fi na gwamnati. Na gwamnati ana iya shiga a fita. Wannan Annasara bai san ni ba, bai san Tahiru ba, abin da idonsa ya gani zai sa. In ya gama a tara mutane." Ya dafa kafaɗata. "Yaron kirki. Da ma ina ta tunanin ranar nan taku."

Ya ce ranar nan taku. Ku gaya mini wane mai nema ne zai ci gaba da gardama bayan wannan.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata. Kaza ta mutu saboda ni. Ramatu tana kawo mana abinci kan tudu, muna ɗan tsayawa nesa da Bature muna magana, iska tana wasa da gefen mayafinta. Na roƙi Edmund ya sa ta a zanen ko da daga nesa ne. Ya ce in gaya mata ta ɗan matsa, tana tare masa haske. Na fassara mata da cewa ya ce haskenta ya yi masa yawa. Ta ce, "Mushe, na yi karatu a lakwal fa, kuma na ga hannunsa yana nuna in matsa."

Ba ya barin kowa ya ga aiki sai ya gama, har ni. Ranar da ya gama, Malam Hassumi ya tara dattawa a ƙofar gidansa, ya aika aka kira Malam Tahiru, wanda ya zo yana ɗaure da fuska. Aka jingina tablon a jikin bango, Edmund ya yaye ƙyallen.

Wallahi ya yi kyau. Hadari ya taso daga gabas, haske ya tsaga shi ya zuba kan shinkafa, har kana jin ƙamshin ruwa. Dattawa suka zuba masa ido. Sai Malam Tahiru ya matso, ya tsuguna, ya kai fuskarsa kusa, ya ɗago yana murmushin da na tabbata tun rabon gado bai yi irinsa ba.

"Allahu akbar. Yaya, zo ka ga inda giginya take."

Giginyar ta tashi daga tsakiya. Tana can dama, cikin tsakiyar gonar Malam Hassumi. In aka bi zanen, kusan kashi ɗaya cikin uku na shinkafarsa ya koma hannun ƙanensa.

Na juya wurin Edmund. "Me ya sami itacen?"

"Na matsar da shi," in ji shi, hankali kwance. "A tsakiya yana raba hoton biyu, ido ba ya samun hanyar shiga. A can ya fi zama."

"Ka matsar da shi."

"Kullum haka ake yi. Na taɓa ɗauke coci guda daga kan tudu na kai shi bakin rafi. Shi ne ma zanen da aka fi yabo."

Malam Hassumi ya ce in faɗa masa abin da ya ce, kada in rage. Na faɗa. Sai ya ce, "Tambaye shi, a ƙasarsu da ya ɗauke musu wurin ibada, ba su yi masa kome ba?" Na tambaya. Edmund ya ce sun ba shi lambar yabo. Wani dattijo ya ce lallai ƙasar nan tana bukatar addu'a.

Malam Tahiru kuwa har ya fara tambayar ko za a iya buga masa kwafi.

Na bi Edmund har ɗakin da aka sauke shi. Na yi masa bayanin gado, da iyaka, da mai gari, da Ramatu. Na ce masa kai da mahaifinka ya ƙare rayuwarsa yana gina iyaka, yaya za ka zo garin mutane ka tumɓuke tasu? Ya ce ba zai taɓa wancan zanen ba ko za a yanka shi, don ya zauna daidai. Amma daga baya ya ce tun da abin ya shafi aure, zai yi abin da rabonsa da yi tun yana makaranta. Zai zana wani, kome a inda Allah ya ajiye shi, ba ragi ba ƙari. Ya ce zai yi muni. Na ce muninsa nake so. Na kusa rungume shi.

Na koma na shaida wa Malam Hassumi cewa na farkon gwaji ne, na gaskiyar yana tafe. Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Baba, na ɗora wuyana."

Wannan karon Edmund ya yi aiki kamar mai biyan kaffara. Yana auna kowace kunya, yana tsaki, yana zanawa. Aka sake tara dattawa, har da waɗanda ba su zo na farko ba, don labari ya kai ƙauyukan kewaye. Aka yaye ƙyalle.

Ga giginya a tsakiya, daram. Malam Hassumi ya ce, "Yauwa!" Ga suri can ƙarshe, shi ma a wurinsa. Ga kuma kunyar da ta raba gonakin biyu, wadda ya kamata ta miƙe daga wannan zuwa wancan. Ba ta miƙe ba. Ta taso daga gindin giginya tiryan-tiryan, da ta kai tsakiya sai ta yi ciki, ƙaton ciki irin na mai wata tara, ta shiga gonar Malam Tahiru, sannan ta dawo ta sami suri kamar ba ta je ko'ina ba. Daga ƙasa, cikin shinkafa da ciyawa, ba a ganin haka. Daga kan tudu kuwa ko makaho sai ya shafa ya ji.

Malam Tahiru bai yi murmushi ba wannan karon. Ya miƙe tsaye ya ce, "Jama'a, ni ban ce kome ba. Yaya ne ya ce Annasara bai san shi ba, bai san ni ba."

Dattawa suka ɗunguma suka hau tudun, wasu ana riƙe musu hannu. Suka tsaya inda sandunan Edmund suka yi rami, suka duba. Aka sauko. Mai gari ya ce bayan girbi za a ja igiya daga giginya zuwa suri.

Edmund ya matso kusa da ni ya ce, "Ka ga lanƙwasar nan? Ita kaɗai ce abin kirki a cikin hoton. Wanda ya yi ta yana da ido." Wannan ban fassara ba.

Da yamma na je sallama. Malam Hassumi yana zaune kan buzu, bai ce in zauna ba.

"Mushe."

"Na'am, Baba."

"Ka kawo mini mutum ya yi mini ƙarya, na yi asarar gona. Ka koma ka roƙe shi ya faɗi gaskiya, na sake yin asarar gona. In ka zama surukina, me za ka kawo mini kuma?"

Na ce, "Baba, maganar rana fa?"

Ya ce, "Bayan girbi." Bai faɗi na wace shekara ba.

Edmund ya naɗe zanensa na farko ya tafi da shi, ya ce zai rataye shi a nuninsa na gaba. Na biyun ya bar wa gari kyauta, kuma na ji yana ɗakin Malam Tahiru, an yi masa rufi da leda. Na raka shi har Malanbil. Ya riƙe hannuna ya ce bai taɓa zuwa inda aka kalli aikinsa da idon basira irin ƙauyen nan ba, a ƙasarsu mutane wucewa kawai suke yi suna gyaɗa kai.

Ranar da zan hau mota a tashar Gaya, sai ga Ramatu, ta shigo gari sayen magani wa ɗakin haihuwar ƙauyensu. Na riga na shirya kalmomin rabuwa tun a hanya, masu hawaye a ciki, na buɗe baki zan fara. Ta miƙo mini ƙullin muruci da bandar kifi.

"Baba ya daina cin abinci da mutane," in ji ta. "Amma jiya ya tambayi Inna ko albashin malamin kwaleji yana isa riƙon gida."

"Ramatu, ko da kogin nan zai ƙafe..."

"Mushe, motarka za ta tashi." Ta gyara mayafi, ta dube ni ido cikin ido. "In an gama girbi ka dawo. Ka dawo kai kaɗai."